Yadda za ku gane gaskiyar halin da makarantun gwamnati na garinku suke ciki

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Ƙaramin gari ne, muna da firamare uku na gwamnati da sakandaren jeka-ka-dawo guda ɗaya. Bana shugaban sakandaren ya ce mana kashi 70 cikin ɗari na ɗalibansa sun ci jarrabawar fita, amma mu a cikin gari muna ganin 'yan aji shida na firamare da ba sa iya rubuta sunansu. Wanne za mu ɗauka? Kuma ta yaya za mu san yawan yaran da ke makaranta da waɗanda ba sa zuwa?

Amsa: Malam sakatare, maganganun nan biyu za su iya zama gaskiya a lokaci guda, ba tare da shugaban makarantar ya ƙara ko da gishiri ba. Abin da ya kamata ku tambaye shi shi ne: kashi 70 ɗin na su wane ne? Na yaran garin, ko na 'yan aji uku na babbar sakandare, ko kuwa na waɗanda aka yi wa rajistar jarrabawa? Kusan kullum na ukun ne ake nufi, su kuwa 'yan ƙalilan ne da suka rage bayan an yi ta tankaɗe da rairaya tsawon shekara goma sha biyu.

Ku fara da takardar sakamakon kanta. Kada ku tsaya kan abin da aka faɗa da baki a wajen taro, ku nemi kwafin takardar da hukumar jarrabawa ta aiko wa makarantar, mai ɗauke da lambar kowane ɗalibi da abin da ya samu a kowane darasi, ku ƙirga da hannunku. A tsarin WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 kuma faɗuwa. Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi wajen shiga jami'a shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Da yawa daga shugabannin makarantu idan suka ce "sun ci", kiredit biyar a kowane irin darasi suke nufi, wasu ma duk wanda bai samu F9 da yawa ba sai su saka shi a lissafi. Yaron da ya samu kiredit a Hausa da Addinin Musulunci da Aikin Gona da Ilimin Zaman Ɗan Ƙasa da Tattalin Arziki, amma ya samu E8 a Turanci, yana da kiredit biyar, sai dai ƙofar jami'a a rufe take gare shi sai ya sake zama. Saboda haka ku ja layi huɗu a takarda: nawa ne 'yan aji uku gaba ɗaya, nawa aka yi wa rajista, nawa suka samu kiredit biyar ko ta yaya, nawa suka samu biyar ɗin da Turanci da Lissafi. Kowane layi ku raba shi maza da mata.

Tazarar da ke tsakanin layi na ɗaya da na biyu ita ce inda abubuwa da yawa suke ɓuya. A jihohi irin su Kano ana yin jarrabawar tantancewa tun daga aji biyu na babbar sakandare, wadda ɗalibai suke kira kwalifayin, kuma waɗanda suka tsallake ta su ne gwamnati take biya wa kuɗin jarrabawar fita. Wanda ya faɗi, idan mahaifinsa ba shi da halin biya, sunansa ba zai taɓa hawa takardar sakamako ba. Bai ci ba, bai kuma faɗi ba, ya dai ɓace daga lissafi. Makarantar da ke da 'yan aji uku 80 ta zaunar da 50 za ta fi kyan sakamako a kan wadda ta zaunar da kowa, alhali wataƙila ta biyun ta fi ta aiki.

Akwai wasu ramukan. Idan ɗalibi ya zauna WAEC ya kuma zauna NECO, mutum ɗaya ne, kada a ƙirga shi sau biyu, amma ku lura da wanda ya samu Turanci a wannan ya samu Lissafi a waccan, domin fannoni da yawa suna karɓar haɗin zama biyu. Waɗanda aka riƙe wa sakamako saboda zargin satar amsa ku ba su layinsu daban, kada a cire su daga adadin waɗanda suka zauna don kason ya yi sama. Sannan ku tambayi ko akwai 'yan waje da aka cusa cikin rajista, waɗanda ba su taɓa zama a ajin makarantar ba, da kuma ko akwai 'yan makarantar da iyayensu suka kai su rajista a wata cibiya ta kuɗi da ta yi suna wajen "taimakon" ɗalibai. Idan makarantarku tana da sashen Larabci da ke zaman jarrabawar NBAIS, shi ma a fitar da nasa daban.

Kuma sakamakon shekara ɗaya a ƙaramin gari ba abin gina hukunci ba ne. Idan ɗalibai 40 suka zauna, kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Yara huɗu su yi zazzaɓi a ranar Lissafi, sai a ce makaranta ta faɗi da kashi goma. Ku haɗa na shekara uku ko biyar, ku tara duka waɗanda suka zauna da duka waɗanda suka ci, sannan ku fitar da kaso ɗaya. Ku kuma dubi kamannin sakamakon. Ajin gaskiya yana da mai ƙoƙari da matsakaici da mai rauni, don haka sakamakonsa yakan warwatsu. Idan kuka ga yara 45 cikin 50 duk sun samu B3 ko C4 a Lissafi, a makarantar da ta shekara biyu ba ta da malamin Lissafi, to ba sai an kira mai duba ba. Hanya mai sauƙi ta gwada wannan ita ce a kwatanta da makin da waɗannan yaran suka samu a JAMB, wadda ake yi a kwamfuta a kan maki 400, da kuma abin da suka samu a jarrabawar gwaji ta cikin gida.

Yanzu ga lissafin da ni nake ganin ya fi duk sauran amfani, wato bin sahun rukuni ɗaya na yara tun daga ranar da suka shiga. Wanda ya zauna jarrabawar fita a 2024, idan bai maimaita aji ba, ya shiga aji ɗaya na firamare a zangon 2012/2013, ya gama aji shida a 2018, ya yi jarrabawar ƙaramar sakandare a 2021. Ku je firamarenku uku ku nemi littafin ɗaukar ɗalibai da rajistocin waɗannan shekarun. Bari in ba da misali da alƙaluman da na ƙirƙira don a ga yadda lissafin yake tafiya, ba na wani gari ba ne. A ce yara 400 ne suka shiga aji ɗaya a firamaren uku. A aji shida saura 250. Aka samu 170 a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, 140 suka kai aji uku, 95 suka haye babbar sakandare, 80 suka kai ƙarshe, aka yi wa 50 rajista, 35 suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Shugaban makaranta zai raba 35 da 50 ya ce kashi 70, kuma ya faɗi gaskiya. Ku kuma za ku raba 35 da 400 ku samu ƙasa da kashi 9. Wannan ba a ma saka yaran da ƙafarsu ba ta taɓa taka aji ɗaya ba.

Amfanin wannan jerin shi ne yana nuna muku matakin da aka fi zubar da yara. A misalin nan an rasa 150 a cikin firamare, an rasa 80 a tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare. Ƙungiyar da ta ga haka ta kwashe kuɗinta kaf ta zuba a darasin yamma na 'yan aji uku na babbar sakandare, ta yi wa mutum 80 aiki ta bar 320.

Sai dai a yi adalci, ba duk wanda ya ɓace daga rajista ne ya bar karatu ba. Wasu an mayar da su makarantar kuɗi, wasu sun tafi makarantar kwana, wasu sun ci jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO take shiryawa, wasu kuma bayan aji uku na ƙaramar sakandare an ɗauke su a makarantun kimiyya, irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a Kano da aka kafa tun 1977. Waɗannan su ne yawanci zakarun ajin, tafiyarsu kuma tana jawo sakamakon makarantar gari ƙasa ba da laifin malamai ba. A ƙaramin gari gano wannan ba wuya. Ku ɗauki sunaye 40 daga tsohuwar rajistar aji shida, ku zauna da tsohon malamin ajin da masu unguwanni, a cikin awa biyu za a faɗa muku inda kowa yake: wannan ta yi aure, wannan yana kanikanci a birni, wannan yana kwalejin ilimi, wannan an kai shi gabas karatun allo.

Batun yawan yaran gari kuwa, a nan ne za ku ɗan sha wahala, domin babu takardar da za ku ɗauko daga ofis ta ba ku amsa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, duk abin da ake faɗa bayanta ƙiyasi ne da ake ɗorawa a kanta, kuma ƙiyasin yana iya aiki a matakin jiha amma a gari ɗaya ba ya tsinana komai. Alƙaluman da kuke ji a rediyo su ma ba za su taimake ku ba. Miliyan goma da rabi da UNICEF ta daɗe tana ambata na yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne, kusan miliyan 20 da UNESCO ta fitar a 2022 kuma ya haɗa har da 'yan shekarun sakandare. Bambancin shekarun da aka ɗauka shi ya kawo yawancin bambancin adadin, wannan kuma darasi ne gare ku: kafin ku fara ƙirga, ku yanke shekarun da kuke nufi. 'Yan 6 zuwa 11 na firamare, 12 zuwa 14 na ƙaramar sakandare, 15 zuwa 17 na babba.

Ƙirgar gida-gida ita ce mafita, kuma gari mai unguwa takwas ko goma zai iya gama ta a mako guda. Ku fara da izinin hakimi ko dagaci, ya tara masu unguwanni. Kowace unguwa a ba ta mutum biyu, namiji da mace, domin namiji zai tsaya a zaure ne a faɗa masa abin da maigida ya tuna, mace kuwa za ta shiga ciki ta ga yaran da idonta, har da 'yar riƙo da ɗan kishiyar da aka manta da shi. Matan da suka yi aikin rigakafin shan inna sun san kowace ƙofa, su suka fi dacewa. A kan kowane yaro abu shida kawai za a rubuta: namiji ne ko mace, shekarunsa, yana boko ko a'a, wace makaranta da wane aji, yana allo ko Islamiyya, in kuma ya bar boko a wane aji ya bari. Kada ku cika fom da tambayoyin kuɗin shiga da yawan dabbobi, nan take mutane za su ɗauka haraji ne ko rabon tallafi, ko dai su ɓoye yara ko su ƙaro na maƙwabta. Ku faɗa tun farko cewa babu abin da za a raba.

Shekaru za su ba ku ciwon kai, tunda yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Ku nemi katin rigakafi in akwai. In babu, ku shirya jerin abubuwan da kowa a garin yake tunawa da su tare da shekarunsu, kamar zaɓen 2015, kullen korona na 2020, ambaliyar da ta ci gadar gari, naɗin hakimi mai ci, sai a tambayi uwa ko an haifi yaron kafin abin ko bayansa.

Da wannan ƙirgar a hannu za ku iya fitar da lissafi iri biyu, kuma kada ku gauraya su. Na farko, a raba duka ɗaliban da ke rajistar firamare, komai shekarunsu, da yawan yaran gari 'yan 6 zuwa 11. Wannan yakan kumbura har ya wuce kashi ɗari, saboda a ajin akwai 'yan shekara 14 a aji huɗu, da ƙannen da aka haɗo da yayyensu don uwa ta huta, da yaran ƙauyukan kewaye da ke takowa. Na biyu, a ɗauki 'yan 6 zuwa 11 na garin da ke firamare kawai a raba da dukan 'yan 6 zuwa 11. Na biyun ne yake faɗa muku yara nawa ne a waje. Gari yana iya samun kashi 105 a na farko ya samu 60 a na biyu.

Rukuni uku ku ba su shafinsu daban. Almajiran da aka kawo daga wasu garuruwa, a ƙirga su a tsangayarsu ta hannun alarammansu, kada a haɗa su da 'ya'yan gari da ke zuwa allo da asuba su wuce boko da hantsi. Yaran rugage, waɗanda ke zuwa da rani su tashi da damina ko akasin haka, akwai hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 domin irinsu, kuma sai da adadi a hannu ake iya neman a buɗe musu makaranta. Sai 'yan gudun hijira. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a ƙarshen 2020 da Jangebe a farkon 2021, an rufe makarantu da yawa a yankunan da ke fama da 'yan bindiga, iyalai kuma suka yi ta kwarara zuwa garuruwan da ke da sauran zaman lafiya. Idan garinku yana cikin masu karɓar baƙi, ajin da yake da yara 60 zai iya komawa 110 a zango ɗaya, da yaran da suka shekara biyu ba su ga allon aji ba. Sakamako zai sauka, kuma ba lalacewar makaranta ba ce.

Rajista kanta a yi hattara da ita. Adadin da hedimasta yake cikawa a fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara shi ake dubawa wajen rabon malamai da littattafai da kujeru, don haka babu wanda yake gaggawar goge sunan yaron da ya daina zuwa. Inda aka yi shirin ciyar da ɗalibai, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, rajistar ƙananan azuzuwa ta cika maƙil, wasu yaran kuwa da kwanonsu suke zuwa su ci su koma. Maganin wannan shi ne ƙirga kawuna ba tare da sanarwa ba. Ku zaɓi rana uku: ranar da ba komai kamar Talata, ranar kasuwar garin, da Juma'a. Kowace rana ku ƙirga sau biyu, da ƙarfe tara saura kafin a fita tara, da kuma wajen sha ɗaya da rabi bayan an dawo. Bambancin ƙirga biyun nan yakan ba mutane mamaki, domin yara da yawa daga tara suke wucewa gida ko talla. Ku maimaita a watan Yuli lokacin noman farko, da Oktoba ko Nuwamba lokacin girbi da roron gyaɗa da wake. A wannan zagayen ku ƙirga malaman da ke tsaye a gaban aji, ba waɗanda suka sa hannu a littafi ba.

Na 'yan mata, raba yawan mata da yawan maza ake yi. In aka samu ɗaya daidai to kunnen doki ne, ma'aunin UNESCO kuma yana ɗaukar 0.97 zuwa 1.03 a matsayin daidaito. Amma kada a yi na makaranta dunƙule, a yi aji-aji. A garuruwa da yawa za ku tarar mata sun kai maza ko sun ɗara su a aji ɗaya zuwa uku, tunda an tura wasu mazan almajiranci, sai adadin ya fara zamewa daga aji biyar, ya faɗi warwas a mashigar ƙaramar sakandare ko bayan aji ukunta. Inda ya faɗi, nan za ku je ku duba abin da ido yake gani: akwai banɗakin mata mai ƙofa da ruwa? Kilomita nawa ne daga unguwa mafi nisa? Akwai malama mace ko ɗaya? A haɗe ake zama da maza? Sau da yawa abin da ake kira ƙin boko a wajen iyaye, idan aka bi diddigi, banɗaki ne da nisan hanya. Idan jiharku tana cikin shirin tallafa wa karatun 'yan mata na AGILE na Bankin Duniya, wanda ya fara da jihohi bakwai da suka haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, irin waɗannan gyare-gyaren na sakandare suna cikin abin da yake ɗauka.

Malamai kuma, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a babbar sakandare, mafi ƙarancin shaidar koyarwa kuma NCE. Idan kuka raba ɗalibai da sunayen da ke takardar albashi, lissafin yakan fito da kyau. Ku cire hedimasta in ba ya shiga aji, da wanda ya tafi ƙaro karatu, da wanda sunansa ke makarantar amma jikinsa yana ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sannan ku sake rabawa. A sakandare kuwa yawan malamai ba shi ne magana ba, fanninsu ne. Makaranta tana iya samun malamai 18, shida na Addini da Larabci, huɗu na Hausa da Nazarin Zamantakewa, babu ko ɗaya da ya karanci Lissafi ko Fiziks, sai mai yi wa ƙasa hidima da zai tafi bayan shekara. Ku rubuta darasi-darasi: wa ke koyar da shi, me ya karanta, a garin yake kwana ko daga birni yake zuwa. Malamin da ke hawa mota biyu kafin ya iso ba zai kama darasin farko ba, kuma a ƙarshen wata kafin albashi ya shigo kuɗin motar ma gagararsa yake yi.

Mu dawo kan 'yan aji shidan da kuka ce ba sa rubuta sunansu, domin a ganina nan ne ainihin ciwon. Binciken gida-gida na MICS kan halin yara da mata na 2021 ya nuna kusan yaro ɗaya ne cikin huɗu, daga 'yan shekara 7 zuwa 14 a faɗin ƙasar, yake da tushen iya karatu, na lissafi ma kusan haka. Na garinku za ku iya auna shi da kanku a kwana biyu, da takarda da agogon waya. A kowace firamare ku ɗauki azuzuwa biyu, aji huɗu da aji shida. Kowane aji yara 20, maza goma mata goma. Kada malami ya zaɓa muku, zai kawo monita da abokansa. Ku bi rajista ku ɗauki kowane na uku ko na biyar, wanda ba ya nan a rubuta ba ya nan a ɗauki na bayansa.

Gwajin hawa biyar ne, da Hausa. Haruffa goma a warwatse, ba a jeren a, b, c ba, domin jeren waƙa ce da yaro ya haddace. Sai gaɓoɓi kamar ka, mu, ɗi, tsa. Sai kalmomi goma na yau da kullum. Sai jimloli huɗu gajeru. Sai labari mai kalma kamar 60 da tambayoyi uku a kansa. Ku fara yaro daga jimloli, in ya iya ku haura da shi, in ya kasa ku sauko har inda ya tsaya, a nan za a yi masa alama. A labarin ku ba shi minti ɗaya ku ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. A lissafi kuma: gane lambobi 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 27, sai rabawa kamar 84 gida 6. Labarin ku rubuta sabo, kada ku ɗauko daga littafin ajinsu, in ba haka ba za ku ga yaro yana rero shafi guda idonsa yana kan rufin ɗaki. A yi gwajin a gindin bishiya nesa da malamin ajin, ba bulala a kusa, 'yan mata kuma mace ta gwada su, domin kunya kan sa yarinyar da ta iya ta yi gum. Yaron da Fulatanci ko Barbarci ne harshen gidansu a rubuta haka a gefen sunansa. Wanda kuma yake karanta Alƙur'ani ko ajami sarai amma boko ya gagare shi, shi ma a nuna, domin wannan ya riga ya san cewa rubutu sauti yake ɗauka, koya masa ba ya daɗewa.

Abin da ya sa aji huɗu yake da muhimmanci shi ne, shekaru da yawa tsarin da aka riƙa bi shi ne a koyar da harshen gari a shekara ukun farko, daga aji huɗu a koma Turanci. Yaron da ya iso nan bai iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ba, yanzu an ɗora masa karatu a harshen da ba ya ji. Daga nan sai kwafar allo, yana zana abin da malami ya rubuta kamar mai zanen hula. Tunda kuma ba a cika hana yaro wucewa aji na gaba ba, haka zai yi ta hawa har ƙaramar sakandare. Malamin Turanci na babbar sakandare da ake zagi idan sakamako ya fito, ciwon shekara takwas aka miƙo masa.

Idan kun tattara duk wannan, ku taƙaita shi a shafi biyu, ba sunan yaro ko ɗaya a ciki, kuma kada ku liƙa jerin wace firamare ta fi wace a bainar jama'a, domin ranar da hedimasta ya ji an kunyata shi, ranar ce ta ƙarshe da za ku ga rajistarsa. Ku fara nuna wa shugabannin makarantun da kwamitin al'umma mai kula da kowace makaranta (SBMC) su gyara abin da kuka yi kuskure. Sannan ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Firamare tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa shekara tara na farko, har ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Babbar sakandare kuwa ta ma'aikatar ilimi ce ko hukumar sakandare ta jiha, ta hannun ofishin shiyya. Ginin azuzuwan firamare yawanci daga kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) yake fitowa, wanda sai jiha ta zuba nata kason kafin a sake shi, kuma SUBEB tana tsara jerin ayyukanta tun kafin kuɗin su zo, don haka takardarku ta isa da wuri. Ku nemi abu takamaimai: malamin Lissafi ɗaya, azuzuwa biyu a firamare kaza, banɗaki huɗu.

Abin da gari zai iya da kansa ba tare da jiran kowa ba shi ne awa ɗaya kullum ta koyon karatu ga 'yan aji uku zuwa shida, a raba su bisa hawan da suka tsaya a gwajin, ba bisa ajinsu ba: masu haruffa wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Masu NCE da ke zaune a gari ba aiki za su iya riƙe rukunonin da ɗan alawus daga ƙungiya. Bayan mako goma a sake gwada yaran da sabon labari mai tsawo ɗaya da na farko, wanda ya haura a matsar da shi rukuni na gaba.